Rasuwar Salansa, Wadda Ta Rufa wa Inji Asiri

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da kunnuwan da har yau ba su daina ƙugi ba, makarantar koyon tuƙi ta bayan tankin ruwa tana sanar da dangi da ɗalibai da maƙwabta rasuwar Salansa, wadda ta yi shekara goma sha tara tana hidima a ƙarƙashin farar motar makarantar. Ta rasu ranar Lahadi da la'asar a rumfar mai walda. Ba doguwar jinya ta yi ba, ba kuma tsufa ne ya kayar da ita ba. Yanke ta aka yi da dutsen yankan ƙarfe, tana da sauran ƙarfinta.

Babbar mai makoki ita ce 'yar marigayi Malam, wanda ya kafa makarantar, wato wadda unguwa ke kira Injiniya. Ba don girmamawa aka raɗa mata sunan ba. Ta yi shekara biyar a jami'a tana karatun injuna, ta dawo ta zauna a kujerar mahaifinta tana koya wa mata riƙe sitiyari, sai 'yan zaman bakin titi suka riƙa ɗaga murya in ta wuce: "Injiniya, yau jirgi za a ƙera ko koyon ribas za a ci gaba?" Ta karɓi sunan, ta rubuta shi da jan fenti a ƙofar motar. Ba ta neman tausayin kowa a wannan rashi. So take kawai a san wadda ta mutu, da yadda ta mutu.

Marigayiya ta rayu inda ido ba ya kaiwa. Ana wanke gilashi, ana goge fitila, ana shafe jikin mota har ya yi sheƙi, ita kuwa tana can ƙasa tana shan taɓo da tsakuwa da dukan duk wani tudun titi da 'yar koyo ta hau ba birki. Ba ta taɓa neman mai ba, ba ta taɓa neman ruwa ba. Aikinta guda ne, kuma mai nauyi. Wuta ce ke fashewa a cikin inji sau dubbai a minti ɗaya, duk fushin nan kuwa ta bututu yake biyowa ya faɗo mata. Sai ta shigar da shi ɗakunan cikinta guda uku, ta juya shi nan, ta mayar da shi can, ta lallashe shi, har ya fito ta baya yana cewa dud-dud-dud, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar majinyaci. Shekara goma sha tara tana haɗiye ihun wani, ba wanda ya taɓa sunkuyawa ya yi mata sannu sai Malam. Shi ya yi mata faci sau biyu da hannunsa, tabon waldarsa na nan a gefenta na hagu, a karkace kamar rubutunsa.

A kan muryar nan aka gina makarantar. Duk wadda ta taɓa zama a kujerar direba a motar ta ga filastar da ke manne a kan agogon juyin inji. Malam ne ya liƙa ta tun ranar da ya fara koyarwa, don kada ɗaliba ta riƙa kallon allura. Yakan ce, "Bar idonki a kan hanya, 'yata. Motar za ta gaya miki da bakinta." Haka kuwa take yi. In ɗaliba ta ɗago ƙafa daga kuloci ta kai daidai inda mota ke shirin tashi, dud-dud-dud ɗin yakan sauka ya koma dum-dum-dum, kamar ɗan dako ya sa kai ƙarƙashin buhu. In lokacin giya ta biyu ya yi, sai ta ja wani dogon hmmm mai ladabi. Ba ta tsawa, tuni kawai take yi. Matan da ke shigowa a tsorace, waɗanda mazajensu suka gwada koya musu aka ƙare da yaji, a cikin wannan shirun suke samun natsuwa. Malam bai taɓa ɗaga murya a cikin motar ba. Salansa ce ta ba shi wannan dama, ita ce kuma ta ba 'yarsa a bayansa.

Akwai wata hidimar da ba kowa ya sani ba. Kullum da yamma, tun motar na kwanar shagon magani, Umma, matar Malam, takan gane ta ko cikin motoci ɗari ne, ta ajiye abin da ke hannunta ta je ta zare sakatar get. Shekara ta uku ke nan da rasuwar Malam, amma Umma ba ta daina ba. Ta san sarai 'yarta ce a ciki. Sai dai ƙarar ba ta canja ba, kuma a cikin taku goma sha biyun da ke tsakanin ɗakinta da get, ba mai hana ta jin cewa maigidanta ne ya dawo.

Wajibi ne a faɗi halin da gidan ke ciki, don a gane girman rashin. Da aka tashi daga makokin Malam, Baffa, wato ƙanensa, ya tara iyali a tsakar gida ya ce a sayar da mota a rufe makaranta, domin ba aikin 'ya mace ba ne ta wuni a rana tana jan birki. Injiniya ta miƙe ta ce ba za a sayar ba. Aka yi ta ja-in-ja har Baffa ya gaji, ya kafa sharaɗi a gaban kowa: muddin takardar izinin makaranta na raye, mota na hannunta, ranar da takardar ta faɗi kuwa, ranar zai kawo mai saye. Takardar nan shekara-shekara ake sabunta ta, bayan jami'in duba motoci ya gwada birki da fitila da hayaƙi da ƙara. Sau biyu tana kai motar, sau biyu ana buga mata hatimi, sau biyu Baffa na cewa, "To, mu ga baɗi." Duba na uku ya faɗo ranar Litinin. Marigayiya ta rasu ana gobe.

Ga yadda ajalin ya zo. Yayan Injiniya, wanda abokansa ke kira Ba-Birki, ba mugu ba ne, kuma iyali na roƙon kada a zage shi a wajen gaisuwa, an riga an yi masa a gida. Shi ne ɗan farin Malam, shi ne kuma ɗalibin da ya gagari Malam. Wata uku ana koya masa jin mota da kunne, shi kuwa da an kau da kai sai ya ɗaga gefen filasta ya leƙa allura. Tun daga nan yake ganin ana yi masa kallon wanda bai gaji komai ba. Yana wuni wajen masu wankin mota, inda kowa masani ne, a can kuma aka tabbatar masa cewa salansa shaƙe wuyan inji take yi, in aka cire ta mota har tashi sama sai ta yi. Ya san akwai wani hawa da jami'i ke sa a taka ranar duba. Ya ce bari sau ɗaya ya yi wa ƙanwarsa abin kirki, ya ba ta mamaki. Ranar Lahadi, tana can ta raka Umma dubiya asibiti, ya zare makulli daga ƙusar bayan ƙofa.

Mai walda bai yi gardama ba. Ya yanke marigayiya gaba da baya, ya jona wani miƙaƙƙen guntun bututu a gurbinta, wanda ko ƙarshen mota bai kai ba. Da a nan ya tsaya, da an mayar da ita. Sai ya so nuna gwaninta. Ya tsaga cikinta gida biyu, ya fizgo bututun ciki mai huje-huje, ya kakkaɓe baƙar toka a ƙasa yana cewa, "Ka gani ko, maigida? Wannan dattin ne ya hana ka gudu." Ba datti ba ne. Haƙurin shekara goma sha tara ne.

Injiniya da Umma na isowa bakin layi a ƙafa, suka ji wani abu da suka ɗauka motar yashi ce ta ƙwace. Brrraaa! Tagogi na rawa, kaji na watsewa, jariran maƙwabta duk suka tashi. Da direban ya saki totur a bakin get, bututun ya yi tas! tas! tas! kamar ana harbi, har mai shagon magani ya kwanta bayan kanta.

Yaya ya fito yana washe baki. "Ƙanwata, kin ji murya? Yau ta zama mota!"

"Yaya, ina salansar Baba?"

"Tana but, a bayan mota. Ai ita ce ciwon. Gobe in kika taka hawan nan, jami'in da kansa zai ce ki koya masa."

Ta buɗe but. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa ta shafa tabon waldar Malam, dutsen yanka ya ratsa ta tsakiyarsa. Ba ta yi kuka ba, don akwai mutane a layi, cikinsu har da masu tambayar jirgi.

"Shiga," ta ce. "Mu je mu auna gudun naka."

Tana da littafin da take rubuta lafiyar motar duk wata, kuma a ciki, daga gindin tanki zuwa saman hawa daƙiƙa arba'in da ɗaya ne tun fil azal. Ta ba shi wayarta ya riƙe agogo da hannunsa. Ta taka sau uku. Arba'in da ɗaya. Arba'in da biyu. Arba'in da ɗaya.

"Agogon nan naki bai da lafiya," in ji Yaya da ƙarfi, don sai da ƙarfi ake ji. "Ke ba ki ji yadda take ja ba?"

"Na ji yadda take ihu. Da ihu na tura mota, Yaya, ai da kai ka riga kowa isa."

A hanyar dawowa sauran alamomin cutar suka bayyana. Wani ƙugi ya cika cikin motar yana shiga har haƙori. Hayaƙi ya riƙa biyowa ta ƙasan kujerar baya, tunda a nan guntun bututun ya ƙare, kafin su iso gida kai ya fara sarawa. Mafi muni, motar ta daina magana. Babu dum-dum, babu hmmm. Kuloci ya kama ko bai kama ba, giya ta yi ko ba ta yi ba, ruri ɗaya ne, irin na wanda ya yi ta faɗa har ya manta abin da yake faɗa a kai.

Ranar Litinin jami'in duba motoci ya toshe kunne ɗaya da biro tun tana nesa. "Malama, motar makaranta kika kawo mini ko injin niƙa?" Ya kanga ma'aunin ƙara a bayanta, allura ta tsallake jan layi ta je ta jingina da bango. Ya ba ta kwana bakwai. In ta dawo Litinin mai zuwa da wannan kuka, takarda ta mutu.

Da yamma ta tarar da Baffa a ƙofar gida tare da wani mutum yana shurin tayoyi.

"Ba saye ya zo yi ba, 'yata. Gani kawai."

"Ganin ma sai Litinin, Baffa. Ka ce masa ya ɗauke ƙafarsa daga tayata."

Ta zaga kasuwar kayan mota rumfa-rumfa tana neman wata salansar. Ƙirar motar ta tsufa, wanda ya ce zai samo irinta ya ce sai mako uku. Ta gwada ta wata mota, ta yi ƙasa da yawa, tudun farko ya tsinke ta. Cikin haka ta gwada ci gaba da darasi. Ranar Talata wata malamar jinya, wadda saura kaɗan ta iya, ta kashe mota a tsakiyar mahaɗa, don ba ta jin kuloci, ba ta jin malamarta. Ana ta danna musu hon ta ko'ina. A nan ne Injiniya ta yi abin da ba a taɓa yi a motar nan ba: ta daka wa ɗaliba tsawa. Matar ta kifa kai a sitiyari ta fashe da kuka. Kafin Laraba, cikin ɗalibai tara, takwas sun aiko cewa sai an ga hali.

Wadda ta rage ita ce Goggo mai ɗinki, 'yar shekara sittin da biyu, wadda ta fara koyo bayan idon mijinta ya mutu, don ta riƙa kai shi asibiti da kanta. Kunnenta na da nauyi.

"Goggo, ke ba za ki tafi ba?"

"In je ina, 'yar nan? Ni sai yanzu ma na fara jin motar. Da can a mazaunaina nake jin ta. Tayar mu tafi, tsohon nan na jira."

Ranar Alhamis Injiniya ta ɗauko takardun jami'a daga ƙasan gado, ta zana abin da take so. Ta ɗauki tsohuwar jar tukunyar kashe gobara da ta ƙare a ɗakin ajiya, ta miƙar da bututun cikin marigayiya mai huje-huje, ta nufi rumfar mai walda.

"Hajiya, nan fa ba kicin ba ne," in ji shi.

"Na ga girkinka a but ɗina. Miƙo tabarau."

Ya miƙo. Salansa ta farko da ta haɗa ta matse da yawa, inji ya shaƙe ya mutu a tsakiyar hawa. Ta biyu ta yi yoyo, tana tsaki ta ko'ina kamar an ɓata mata rai. Tartsatsi ya huda hannun rigarta ya ƙone mata tsintsiyar hannu, ta ɗaure da ƙyalle ta ci gaba. A duk kwanakin nan akwai wani mutum kwance a ƙarƙashin motar, bayansa a kan tsakuwa, yana tallafe ƙarfe mai zafi da tsumma. Ba wanda ya kira shi. Kwana huɗu, maganarsa ɗaya ce: "Nan ya yi, ko in ɗaga?" Yaya ne.

Ta uku ta kammala ranar Lahadi da azahar. Washegari jami'in ya kanga ma'auni, allura ta hau, ta hau, ta tsaya tana rawa ƙasa da jan layi da kamar kaurin zare. Ya ƙwanƙwasa gilashin sau biyu, ba ta motsa ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙasan motar, ya ga jar tukunya har da sauran rubutun yadda ake kashe wuta a jikinta.

"Wane kamfani ne ya ƙera wannan?"

"Sunansa na jikin ƙofa, ranka ya daɗe."

Ya karanta, ya dube ta, ya buga hatimi. Da labari ya kai wa Baffa ya ce, "To, mu ga baɗi." Ta aika masa cewa Allah ya kai mu.

Kada wanda ya ji wannan ya ɗauka makoki ya ƙare. Magajiyar marigayiya tana aiki, amma muryarta ba ta gidan nan ba ce. Gur-gur-gur take yi, a shaƙe, kamar mai mura. A hanyar dawowa daga wajen duba, Injiniya da kanta ta kashe mota a kwana, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana koyo, domin kunnenta na jiran dum-dum ɗin da ba zai zo ba. Ta gangara gefen titi. Ta sa farce ta ɓamɓare filastar Malam don ta ga allura, filastar ta marmashe a yatsunta, ta bar wani fili mai haske a gilashin.

Ta iso gida ta tsaya a bakin get, inji na gur-gur. Get a rufe. Ta jira. Ta ƙirga taku goma sha biyu a ranta, ta sake ƙirgawa. Sannan ta fito ta zura hannu ta zare sakata da kanta. Umma na zaune a tsakar gida tana ninke wanki.

"Au, ke ce? Na ɗauka baƙi ne suka tsaya a ƙofar maƙwabta."

"Ni ce, Umma. An buga takarda."

"Madalla, 'yata. Allah ya yi miki albarka." Ta daɗe tana kallon get ɗin, zani a hannunta rabi a ninke. Can ta ce, a hankali, ba da kowa ba, "Shi ke nan. Ya daina dawowa."

Iyali na ɗaukar wannan yammacin a matsayin ainihin lokacin rasuwa.

Marigayiya ta bar abokin zamanta, inji, wanda yanzu duk unguwa ta san halinsa. Ta bar robobi biyu da suka rataye ta tsawon rayuwarta, da magajiya ɗaya ja mai ɗauke da bututun cikinta. Ta bar ɗaruruwan mata da ke tuƙi a titunan gari ba tare da sun taɓa ganin fuskarta ba, da Goggo mai ɗinki, wadda jiya ta yi ribas ba a taya ta ba. Ta bar malama guda da za ta koyi ji daga farko, da wata uwa da yanzu sai an ƙwanƙwasa mata.

Za a yi rakiya ranar Asabar da ƙarfe bakwai na safe. Ba za a yi mata salla ba, ƙarfe ce, an san iyaka. Za a naɗe ta a tsumman da Malam ke goge gilashi, a kwantar da ita a kujerar baya. Ba za a tayar da inji ba. Injiniya za ta riƙe sitiyari, Yaya zai tura daga ƙofar gida zuwa filin koyo, har da hawan. Shi ya nema da bakinsa. Ba a hana shi ba, ba za a taya shi ba, ba kuma za a riƙe masa agogo ba.

A ƙarshen fili za a kafa ta a tsaye, tabon walda na kallon gabashin hanya, ta zama turken da 'yan koyo za su riƙa kewayawa da ribas. Mai walda na iya halarta, amma hannu biyu a aljihu. Ana maraba da Baffa, shi kaɗai. Ɗalibai takwas da suka tafi, musamman malamar jinya wadda ake ba haƙuri a bainar jama'a, su sani darasi na nan Litinin da ƙarfe bakwai. An sayi sabuwar filasta, tana aljihun mota, za a liƙa ta ranar da kunnen malama ya cancanta.

Masu zuwa gaisuwa su kashe motocinsu a kwanar shagon magani su ƙaraso a ƙafa. Ba hon, ba lasifika. Wanda kuka ya zo masa ya yi a hankali. Marigayiya ba ta son hayaniya.